Gudumar inji: in haɗa da hannuna ko in tara kuɗi in saya?

Tambayoyin wannan makon duka a kan abu ɗaya suka taru, wato gudumar inji da maƙera ke amfani da ita a maimakon mai buga masaba. Na zaɓi huɗu, kuma ta farko ce za ta fi cin wuri, domin sauran ukun rassanta ne.

Tambaya ta farko

"Assalamu alaikum, Malam. Shekarata goma sha biyu ina ƙira. Gatura da wuƙaƙe da ƙarafan ƙofa nake yi. Yaron da yake buga mini masaba ya samu wani aiki ya tafi, kuma kafaɗata ta dama ta fara hana ni barci. Na iya walda daidai gwargwado, ina da injinta. Wasu abokai sun ce in haɗa gudumar inji da tsoffin ƙarafa, wasu sun ce in daure in tara kuɗi in sayi ta kamfani. Wanne ya fi mini?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara lafiya. Kafin mu shiga zancen ƙarfe, ka kai kafaɗar nan a duba ta. Ko wace shawara ka ɗauka, za a yi makonni ko watanni kafin inji ya karɓe ka, kuma ciwon da ya kai ga hana barci ba zai jira a gama walda ba.

In da ƙira kake ci da iyalinka, kuma aikin mutane yana jibge yana jiran ka, saye ya fi maka, ko da tsohuwa ce mai lafiya. Haɗawa tana da ranarta, kuma ban raina ta ba ko kaɗan. Sai dai tana da wani sharaɗi da masu cewa "ai tsoffin ƙarafa ne kawai" ba su cika faɗa ba, kuma shi nake so ka fara bincikawa tun kafin ka sayi ko noti ɗaya. Sharaɗin shi ne uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ke ƙasa yana karɓar dukan.

Idon mai kallo yana kan abin da ke hawa da sauka, amma rabin aikin a ƙasa ake yin sa. Idan kan guduma ya sauko a kan jan ƙarfe, ƙarfin dukan yana rabuwa biyu. Wani kaso ya shiga ƙarfen ya baje shi, saura ya tura uwar maƙera ƙasa. Gwargwadon nauyin uwar, gwargwadon abin da ke shiga aikinka. A lissafi mai sauƙi, in uwar ta ninka kan sau biyu kacal, kusan kashi 67 cikin ɗari ne ke shiga aikin. In ta ninka shi sau biyar, kashi 83. Sau goma, kashi 91. Sau ashirin, kashi 95. Shi ya sa maƙera suka tsaya a kan cewa kada ta gaza ninki goma, in da hali ma ta kai goma sha biyar. Kuma kason da bai shiga aiki ba, a jikin injin yake sauka. Shi ne yake kwance notuna, ya tsaga walda, ya fasa daɓe, ya sa injin ya riƙa tattaki yana barin inda aka ajiye shi.

Mu mayar da wannan kilo. Gudumar da aka fi haɗawa a gida kanta yakan kai kilo 23, saboda haka tana son uwa mai kilo 230. Mita ɗaya ta kowace kusurwa ta ƙarfe tana da nauyin kilo 7,850. Mulmulallen ƙarfe toshe mai kaurin santimita 20 da tsayin santimita 90 zai ba ka kusan kilo 222, ka ga ya kusa. In kaurin ya sauko zuwa santimita 15, nauyin ya faɗo zuwa kusan kilo 125, rabin abin da kake nema. To irin wannan dunƙulen ba ya yawo a ko'ina. Akan same shi a tsohon shaf na manyan injuna, ko wurin masu sayar da ƙarfe a kan sikeli, kuma sau da yawa shi kaɗai yake cinye kaso mafi girma na kuɗin aikin. Wasu kan yi dabarar cika bututu da yashi ko kankare. Kankare kilo 2,400 ne a ma'aunin da ƙarfe ke da 7,850, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma duka yana niƙe shi ya koma gari a cikin bututun. Dabarar da na yarda da ita ita ce a tara sanduna masu kauri a tsaye, a matse su, a yi musu walda su zama dunƙule ɗaya, a ɗora faranti mai kauri a kai. A tsaye fa, domin in ka jera faranti a kwance ɗaya kan ɗaya, kowace mahaɗa tana shanye wani abu daga dukan.

Saboda haka ka ba kanka mako biyu ka nemi wannan dunƙulen. In ka same shi a farashin da bai karya ka ba, ƙofar haɗawa a buɗe take. In ba ka samu ba, ka rufe maganar, ka koma tara kuɗi.

In ka samu, iri uku ne ake haɗawa a ƙaramin shago. Wadda na fi amincewa da ita ga irin aikinka ita ce gudumar taya. Wani Ba'amurke mai suna Ray Clontz ne ya fito da dabarar, Clay Spencer kuma ya daidaita ta ya fitar da zanen da maƙera da yawa suka bi. Kanta fam 50 ne, wato kusan kilo 23 ɗin da na ambata, kuma moton lantarki mai ƙarfin doki ɗaya yana juya ta. Ana ɗaura ƙaramar tayar mota a saman injin, moton yana zaune a kan ƙyaure mai lilo da ƙaramin gare a bakinsa. Ka taka feda, garen ya taɓa taya, taya ta juya. Ka taka a hankali, garen yana sulɓi, duka ya zo da sauƙi. Ka danne, ta ɗauki gudu. Ka ga tayar ita ce kulocin, kuma a nan hikimar take, domin kuloci shi ne ɓangaren da ya fi wahalar ƙerawa da hannu. Tsakanin taya da kan guduma akwai hannuwa biyu da sifirin a tsakiya. Sifirin ɗin ne yake ba dukan bulala, yake kuma barin kan ya tsaya a inda kaurin ƙarfe ya tsayar da shi ba tare da wani abu ya karye ba.

Akwai wani tarko a zanen da ya fito daga Amurka, kuma yana kama mutane da yawa. Wutar can tana juyi 60 a daƙiƙa, moton da aka yi lissafi da shi yana zagaye kusan 1,725 a minti. A ƙasashen da wutarsu ke juyi 50, irin wannan moton kusan 1,450 yake yi. In ka kwafi girman garen yadda yake a zane, gudumarka za ta fito da ƙarancin gudu, kuma ƙarfin duka yana bin gudu ne ninki a kan ninki: gudun da ya ragu da kashi ɗaya cikin shida yana rage ƙarfi da kusan kashi uku cikin goma. Lissafin bai da wuya. Ka ninka zagayen moto da faɗin gare, ka raba da faɗin taya. Moto mai 1,450, gare mai santimita 9, taya mai santimita 56, zai ba ka duka kusan 233 a minti. Ka auna tayar da ke hannunka ka yi naka.

Iri na biyu ita ce ta sifirin mota mai ganye. Ana kafa sifirin a kan ginshiƙi kamar sandar sikeli, gefe ɗaya karanshaf na ɗaga shi, ɗaya gefen yana ɗauke da kan guduma. Ta fi sauƙin haɗawa kuma ba ta son awo mai tsanani, amma tana cin fili. Kada a taɓa yi wa sifirin walda, ko a ƙara masa huda. A nan yake karyewa, kuma ranar da ya karye gutsuren yana tashi ne daidai fuskar mai aiki. Ko wace iri ka haɗa, sai ka yi wa sifirin keji na ƙarfe kafin dukan farko.

Iri na uku ta iska ce, wadda ake dangantawa da Ron Kinyon. Silinda ɗaya, bawul, da kai. Ita ce ta fi ƙarancin sassa, kuma tana da daɗin sarrafawa, amma iskar daga kwamfuresa ta daban take zuwa, kuma ba ƙaramar kwamfuresar fenti ba. Akan nemi mai ƙarfin doki biyar ko kusa da haka, in ba haka ba ka yi duka ashirin ka tsaya jiran tanki ya cika ƙarfenka na hucewa. Wanda yake da babbar kwamfuresa tun asali, wannan hanya ce mai kyau. Wanda zai saye ta musamman don guduma, arahar ta gudu.

Yanzu maganar waldarka. Ka ce ka iya daidai gwargwado, kuma na yarda. Amma ƙofa tana tsaye ne shekara da shekaru ba abin da ya girgiza ta, ita kuwa guduma tana shan duka sama da dubu goma a awa ɗaya na aiki. Waldar da ta yi kyau a ido amma ba ta nutse ba za ta riƙe wata biyu, sannan ta buɗe. Ƙarfe mai kauri yana son a feƙe bakinsa ya zama kwari, a ɗumama shi, a yi ta zuba walda layi bayan layi, da sandar walda irin 7018 wadda aka adana a bushe. Bayan walda akwai hanyar da kan ke zamewa a ciki. In ta karkace da ƙanƙanin abu, bakin sama da bakin ƙasa, wato ƙarafa biyun da aiki ke shan duka a tsakaninsu, ba za su haɗu a shimfiɗe ba, kuma duk sandar da ka buga za ta fito a murɗe. Wannan wurin yakan buƙaci mai injin feƙe ƙarfe, kuma shi ma kuɗi ne da za ka sa a lissafi.

Abin da ya fi duka waɗannan tsada shi ne lokaci. Duk ranar da ka yi kana yanka da walda rana ce da ba ka ƙera gatari ba. Ka lissafa abin da kake samu a yini, ka ninka da kwanakin da kake zaton aikin zai ci, sannan ka ƙara masa rabi, domin bayan an gama haɗawa akwai zaman daidaitawa: a matse sifirin, a sassauta, a ɗaga kai, a sauke, har duka ya zauna. Na sha ganin kwarangwal ɗin guduma a lungun shago, tsatsa ta rufe shi, mai shi ya kai rabi aikin mutane ya taso shi ya ajiye. Ba lalaci ya jawo haka ba, ciki ne ba ya jira. Wanda haɗawa ta fi karɓa shi ne mai wata hanyar samu, ko mai jin daɗin ƙera inji kamar yadda yake jin daɗin ƙera wuƙa. Shi kam ribarsa biyu ce, domin duk abin da ya lalace ya san shi ciki da waje, kuma sassan a wurin masu kayan mota suke. In kai ne wannan mutumin, ka nemi cikakken zanen da aka riga aka gwada, ka bi shi sau da ƙafa, kada ka ce za ka ninka nauyin kan don ta fi ƙarfi. Nauyin kai da ƙarfin sifirin da gudun taya ɗaure suke da juna, ka taɓa ɗaya sai sauran sun rikice.

In saye za ka yi, abin da ya mamaye kasuwa a yau shi ne gudumar iska mai yin iskarta da kanta. Silinda biyu ne a jiki ɗaya. Moto yana juya karanshaf, fistin baya yana matsa iska, iskar tana ɗaga kan da ke gaba tana sauke shi. Abin da kake biya a nan shi ne biyayya. Da ƙafa kaɗai za ka sa ta shafa ƙarfe a hankali ko ta sauke duk ƙarfinta, kuma da yawansu suna iya rataye kan a sama ko su danne aiki su riƙe shi kamar matsi. Wannan biyayyar ita ce abin alfahari tun zamanin gudumar tururi ta James Nasmyth, ɗan Sikotilan da ya yi mata rajista a 1842, wadda ake nuna wa baƙi tana fasa ƙwai a bakin kofin gilashi ba ta taɓa kofin ba. Tsoffin sunayen da suka yi fice su ne Bêché na Jamus, Massey na Manchester a Ingila, da Nazel na Amurka. Sababbin da aka fi samu yanzu na Sin ne da Turkiyya: Anyang da jerinta na C41, mai kilo 15, 25, 40, 75 zuwa sama, sai Sahinler da Say-Mak. Ga gatura da ƙarafan ƙofa, mai kilo 25 zuwa 40 ta wadatar. Mai 15 tana yin wuƙa da ƙananan kaya da kyau, amma gatari zai wahalar da ita.

Kada ka tsaya a kan farashin da aka gaya maka. Akwai ɗauko ta, akwai sauke ta, kuma mai kilo 40 takan kusa tan guda ko ta haura. Akwai tushe, akwai wuta, akwai man da take sha kullum. Ka tambayi mai sayarwa abu uku: ina ake samun zoben fistin da bel in sun cinye, da wane ƙarfe aka yi bakunan, kuma wa ya taɓa saye a wurinsa da za ka je ka gani. In ya kasa amsa na ukun, ka riƙe kuɗinka. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne, kuma a nan karin maganar gaskiya ce zalla, domin gudumar kamfani mai lafiya tana da masu nema ranar da ka so rabuwa da ita, ta gida kuwa da wuya ta mayar maka da kuɗin ƙarfenta.

Tambaya ta biyu

"Malam, wani dattijon maƙeri ya ajiye aiki, za a sayar da tsohuwar gudumarsa ta ƙarfen zubi, mai sifirin a goshi. An rubuta Little Giant a jikinta. Ta yi shekaru ba a kunna ta ba. Me zan duba?"

Ɗan'uwa, ka yi dace in jikinta lafiya. Kamfanin Mayer Brothers ne ya fara yin ta a garin Mankato na jihar Minnesota a 1895, kuma an yi ta a girma biyar: fam 25, 50, 100, 250 da 500. Akwai waɗanda suka haura shekara ɗari suna aiki har yau. Zaman da ta yi bai dame ni ba, tsatsar sama wanki ne kawai. Abin da ke kashe irin wannan inji shi ne tsaga a gangar jiki, domin ƙarfen zubi ba ya karɓar walda cikin daɗi, balle a wurin da duka ke sauka.

Ka je da kananzir da tsumma da garin alli. Ka wanke maiƙon, ka jiƙa wuraren da kake zargi da kananzir, ka bar shi ya ɗan jima, ka goge tas, ka barbaɗa alli. Inda akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana layi a kan allin. Ka fi mayar da hankali ga wuyan injin da kwarin da bakin ƙasa ke zama a ciki. Wannan kwarin yakan ɓalle a hannun masu buga wejin da ke matse bakin da ƙarfin tsiya, kuma gyaransa yana da wuya. In ka ga tsohuwar walda a can, ko dai ka janye, ko ka saya a farashin tsohon ƙarfe.

Sauran duk masu gyaruwa ne. Ka sa sanda ka ɗaga shaf ɗin sama ka ji ko yana wasa. Mazauninsa wani farin ƙarfe ne mai laushi da ake narkawa a zuba, ana ce masa babit, kuma ana iya sake zuba shi. Ka girgiza hannuwan ka ga ko ramukan fil sun zama kamar ƙwai. Ka tura kan hagu da dama a cikin hanyarsa. Sifirin kuwa ka ɗauka cewa sabo za ka sa, komai kyan da tsohon ya nuna. In da hali a kunna ta a gabanka da jan ƙarfe, gani ya kori ji. Wadda take lafiya tana iya yin duka a hankali in an taka feda kaɗan, wadda ta gaji kuwa sai ta yi shiru sannan ta zabura.

Wajen ɗauko ta ku yi hattara. Nauyinta a sama yake, gindinta kuma siriri ne. A kwantar da ita ko a ɗaure ta daga wuya, kada kowa ya tsaya a gefen da take iya faɗawa.

Tambaya ta uku

"Shagona yana manne da gidajen mutane, kuma wuta mai layi ɗaya gare ni, wani lokaci janareta. Gudumar inji za ta yiwu kuwa?"

Wutar tana da magani, maƙwabtan ne abin tunani. Gudumar taya da motonta na doki ɗaya tana tafiya a layi ɗaya ba gardama. Ta iska mai kilo 15 motonta kusan kilowat 2.2 ne, kuma ana samun ta a layi ɗaya. Daga nan zuwa sama yawanci layi uku suke so. Akwai akwatin da ke karɓar layi ɗaya ya fitar da uku, ana kiran sa VFD, amma sai ka tabbatar motonka yana karɓar irin ƙarfin wutar da akwatin ke fitarwa, ka kuma kare shi daga ƙurar ƙarfe. Game da janareta, moto yana jan ninki biyar zuwa bakwai na wutarsa a lokacin tashi, saboda haka janaretan da lambarsa ta yi daidai da ta moto zai durƙushe. Ka kai wa mai aikin lantarki lambobin da ke jikin moton ya yi maka lissafi kafin ka saya.

Ƙarar guduma hanya biyu take bi. Wadda ke bi ta cikin iska, bango da ƙofa suna rage ta. Ta ƙasa ita ce take sa kwanuka rawa a gidan maƙwabci. Maganinta a yanke daɓe a haƙa rami, a zuba dunƙulen kankare na injin shi kaɗai, a bar rata tsakaninsa da daɓen shago a cike ta da roba ko wani abu mai laushi, a shimfiɗa katako mai kauri tsakanin inji da kankare. A bar shi kwana 28 kafin a fara duka, nan ne kankare yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Wannan yana ragewa sosai, amma ba ya kashewa. Ka je ka zauna da maƙwabtan tun kafin inji ya iso, ku yi maganar lokutan aiki, haƙƙinsu ne. Kunnenka kuma ka toshe shi kullum. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙara tana cin ji in an yini a cikinta, guduma kuwa tana wuce 100, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

In bangonku ɗaya da ɗakin kwanan wani, ka duba injin matsa ƙarfe mai aiki da mai. Shi matsewa yake yi, ba ya girgiza ƙasa, kuma yana ratsa ƙarfe mai kauri har tsakiya. Rauninsa a siririn aiki yake, domin bakunansa suna daɗewa a kan ƙarfen suna zuƙe masa zafi. Bututun mansa kuma sai an rufe su da kyau, mai da jan ƙarfe ba sa zama wuri ɗaya.

Tambaya ta huɗu

"Malam, ɗana ne mai shekara goma sha tara ya yi wata takwas yana koyon ƙira. Ya dame ni in taimaka masa ya sayi gudumar inji, ya ce ita ce za ta sa ya tsaya da ƙafafunsa. Ina da ɗan abin da na tara. In ba shi?"

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya albarkaci yaron. Ki riƙe kuɗin tukuna, amma kada ki kashe masa gwiwa. Inji yana yin abin da hannu ya riga ya sani ne, da sauri. Wanda bai gama sanin inda ƙarfe ke gudu in an doke shi ba, da launin da ya kamata a mayar da shi wuta, inji zai ɓata masa a duka uku abin da masaba za ta ɓata a talatin, kuma a talatin ɗin da ya samu damar gani ya gyara.

Haɗarin gudumar inji ma sai wanda ya saba ne yake iya kauce masa. Ƙarfen da ba a kwantar da shi daidai a kan bakin ƙasa ba yana fizge awartaki, shi ya sa ba a taɓa saita ƙotar awartaki da ciki, a gefe ake riƙe ta. Ba a bari bakin sama ya doki na ƙasa babu jan ƙarfe a tsakani, domin taurararren ƙarfe ne, ɓarɓashinsa yana shiga jiki kamar harsashi. Ba a dukan ƙarfen da ya huce ya bar ja. Waɗannan a gefen maigida ake koyon su, yana tsaye yana kallon ƙafar yaro.

Ki ce masa ya nemi maƙerin da yake da gudumar inji ya yi wata shida yana aiki a ƙarƙashinsa, ko da ladan bai taka kara ya karya ba. In kina so ki ba shi wani abu yanzu, ki taimaka masa da uwar maƙera mai nauyi, da awartaki masu kama ƙarfe iri-iri, da tabarau da abin toshe kunne. In hannu na uku yake nema, akwai gudumar ƙafa wadda ba ta da moto: kai ne mai nauyi rataye da sifirin, a taka ya sauko, a saki ya koma. Zai iya haɗa ta da kansa a 'yan kwanaki, kuma a kanta zai koyi walda da daidaita baki da baki. Bayan wata shidan, ki tambayi maigidan nasa ko yaron ya isa a bar shi da inji shi kaɗai, kuma mai kilo nawa aikinsa yake nema.